Dokar SB 375 ta Kalifoniya: yadda aka haɗa kan birane don rage hayaƙin mota

Mutum yana kwana a garin Riverside, wurin aikinsa kuma yana tsakiyar Los Anjalis, tafiyar kusan kilomita 90. Tun kafin gari ya waye yake tada mota, ya ratsa garuruwa barkatai, da yamma ya sake biyo hanyar. To, hayaƙin da motarsa ta fitar, a wuyan wa za a rataya shi? Garin da ya samu gida mai araha, ko garin da ya ba shi aiki amma bai bari an gina gidajen da ma'aikaci zai iya kamawa ba? Duk wanda ya taɓa shiga cunkoson safiya daga Mararaba zuwa Abuja ya san wannan hali. Wannan tambaya ce ta haifi dokar da ake kira SB 375 a jihar Kalifoniya ta Amurka.

Tun 2006 jihar ta kafa wata doka, AB 32, wadda ta ce kafin 2020 a mayar da iskar da ke ɗumama duniya zuwa yawan da take a 1990. Da aka zauna lissafi, sai aka ga sufuri ne ke ɗauke da kaso mafi tsoka, wajen kashi 40 cikin ɗari na abin da jihar ke fitarwa. Ana iya gyara injin mota, ana iya tace mai, amma muddin kowace shekara mutane na ƙara nisan tafiya, abin da aka tara ta gaba zai zube ta baya. Nisan tafiya kuwa ba direba ne kaɗai ke zaɓarsa ba. Wanda ya yanke inda za a yanka filaye, inda za a kafa ofisoshi da inda titi zai bi, shi ya riga ya yanke masa. A Kalifoniya wannan iko yana hannun birane 480 da ɗoriya da gundumomi 58, kowa da nasa tsarin. Sanata Darrell Steinberg ya kawo ƙudurin, Gwamna Arnold Schwarzenegger ya sa hannu a watan Satumba na 2008.

Dokar ba ta ƙirƙiro sabuwar hukuma ba. Dama dokar tarayya ta wajabta wa duk yankin birni mai mutane fiye da 50,000 ya kafa majalisar tsara sufuri, inda magadan gari da kansiloli da wakilan gundumomi ke zama su raba kuɗin tituna da jiragen ƙasa da bas. Kalifoniya na da irin waɗannan majalisu 18. Mafi girmansu ita ce ta kudancin jihar, SCAG, mai gundumomi 6 da birane 191. Ta yankin San Faransisko kuwa tana da gundumomi 9 da birane 101. Su aka ɗora wa aikin.

Hukumar kula da ingancin iska ta jihar, CARB, ita ke yanka wa kowane yanki adadin hayaƙin da zai rage. Akwai abu biyu a nan da ke yawan rikita mutane. Na farko, adadin bai shafi masana'antu ko tashoshin lantarki ko manyan motocin dakon kaya ba. Ƙananan motoci ne kawai, irin na zuwa aiki da cefane. Na biyu, ana auna shi ne kan kowane mutum ɗaya, a kwatanta da shekarar 2005, domin kada yankin da jama'arsa ke ƙaruwa ya cutu. An fitar da adadin farko a 2010, aka sabunta a 2018, inda aka ce manyan yankuna huɗu, wato na Los Anjalis, San Faransisko, San Diyego da Sakramento, kowanne ya rage kashi 19 cikin ɗari kafin 2035.

Daga nan sai kowace majalisa ta rubuta tsarin da zai kai ta ga wannan adadi. Tsarin yana nuna inda ake sa ran jama'a za su zauna nan da shekara ashirin ko fiye, inda ayyuka za su kasance, da hanyoyin da za su haɗa su. Dole ya nuna wurin da zai wadatar da kowa da matsuguni, mai hali da marar hali. Ana cusa shi cikin babban tsarin sufurin yankin, wanda akasari ake sabuntawa duk shekara huɗu, kuma nan ne ƙarfinsa yake: aikin titi ko na jirgi da ba ya cikin wannan kundi ba ya samun kuɗin tarayya. Ba a kuma yarda a cika shi da buri ba, sai ayyukan da ake da kyakkyawan zaton samun kuɗinsu. San Diyego ce ta fara amincewa da nata a 2011, yankin San Faransisko ya biyo a 2013.

Idan majalisa ta ga tsarinta ba zai kai adadin ba, doka ta ce ta rubuta wani na daban da zai nuna abin da za a yi da a ce babu cikas. Wannan na biyun ba ya ɗaure kowa. CARB ma ba ta da ikon gyara tsari. Iyakarta ta ce ta yarda lissafin ya kai, ko ba ta yarda ba.

Abin da ya fi muhimmanci a sani shi ne dokar ta faɗa baro-baro cewa tsarin yanki ba ya ƙwace ikon birni a kan filayensa. Kansilan da ya ɗaga hannu a taron yanki ya amince a gina gidaje kusa da tashar jirgi, yana iya komawa garinsa ya ƙi amincewa da ginin farko da aka kawo gabansa, kuma SB 375 ba ta tanadar masa hukunci ba. A ganina nan ne raunin dokar yake: an ba majalisar yanki doki, linzami kuma yana hannun birni. Sai dai da ba a rubuta wannan sharaɗi ba, da wuya birane su bari ƙudurin ya wuce. Kuma kansilan ba lallai mugunta ce ke damunsa ba. Tun 1978 da aka taƙaita harajin gidaje a jihar, babban kanti ko wurin sayar da motoci ya fi kawo wa birni kuɗin shiga fiye da rukunin gidaje, waɗanda ke zuwa da buƙatar ruwa da 'yan sanda da 'yan kwana-kwana. Ga kuma masu gidaje na dauri, waɗanda su ke cika zauren taro suna cewa ba sa son bene a unguwarsu, kuma su ke jefa ƙuri'a.

Tun da babu bulala, sai aka nemi jawo hankali ta hanyar sauƙi da kuɗi. Ginin da aƙalla rabinsa gidajen zama ne, mai gida 20 ko fiye a kowace eka, wanda kuma bai wuce kimanin mita 800 daga babbar tashar jirgi ko hanyar bas mai yawan zirga-zirga ba, ana rage masa doguwar tantancewar muhalli da kan jawo shari'a da jinkiri. An kuma daidaita lokacin da jiha ke raba wa birane kason gidajen da za su tanadar wa fili, aka mayar da shi duk shekara takwas, domin lissafin gidaje da na sufuri su daina saɓawa. A 2014 aka kafa dokar da ta ware kashi 20 cikin ɗari na kuɗin da jihar ke samu wajen sayar wa kamfanoni izinin fitar da hayaƙi, don gidaje masu araha da ayyukan sufuri kusa da tashoshi. A yankin San Faransisko, birane da kansu suke nuna unguwannin da suka yarda a ƙara gini, majalisar yanki kuma ta karkata wani kaso na kuɗin sufuri can.

Me aka samu? Jihar ta cika alƙawarin AB 32 tun 2016, shekara huɗu kafin wa'adi, amma galibin nasarar daga gyaran wutar lantarki ta fito. A ɓangaren mota, rahoton da CARB ta fitar a ƙarshen 2018 ya ce ba a kan hanyar cimma adadin SB 375 ake ba, domin nisan da kowane mutum ke tuƙawa ƙaruwa yake yi. A takarda tsare-tsaren sun kai adadi, a kan titi ba su kai ba. Wannan ya dame ni, domin wanda ya fi jin jiki shi ne ma'aikacin da tsadar haya ta kora bayan gari, yana ƙona mai da sa'o'in da ya kamata ya yi da iyalinsa.

Duk da haka ban ɗauki dokar a matsayin aikin banza ba. Kafin 2008 mai tsara titi da mai tsara gidaje ba dole ba ne su zauna a teburi ɗaya. Yanzu dole ne, kuma a bainar jama'a, da alƙaluman da kowa zai iya dubawa ya ƙalubalanta. Ƙungiyoyin kare muhalli sun maka majalisar San Diyego a kotu kan tsarinta na farko, shari'ar ta kai har kotun ƙolin jihar a 2017. Daga wannan shekarar kuma majalisar dokokin jihar ta fara kafa wasu dokoki na daban da ke matsa wa birane lamba kai tsaye su amince da gidajen da aka rubuta musu, wato ikon da SB 375 ta bar musu ne ake ragewa kaɗan-kaɗan.