Kayan gano giɓin rubutu a manhajojin intanet

Kayan gano giɓin rubutu ƙananan manhajoji ne da masu haɗa shafukan intanet ke amfani da su don gano kalmomin da shafi ke nema amma babu su a fayil ɗin da aka tanada. A irin wannan gini ba a rubuta saƙonni kai tsaye a jikin shafi. Kowane saƙo ana laƙaba masa suna, wato mabuɗi, sai a ajiye lafazinsa a fayil na daban, kowane harshe da nasa. Ana gane kowane harshe da gajeriyar lamba: ta Hausa ita ce ha, ta Najeriya ha-NG, ta Nijar ha-NE.

Yadda giɓin ke bayyana

A ɗauki misalin mai sayar da atamfa a Kasuwar Barci da ke Kaduna, ta zaɓi Hausa a shafin biyan kuɗi. Komai ya fito daidai, sai maɓallin ƙarshe, inda ya kamata ta ga "Biya yanzu", ta tarar da pay.now ko Turanci tsagwaronsa. Shafin bai tsaya ba, bai yi ƙorafi ba, shi ya sa wanda ya gina shi yakan yi watanni bai sani ba. Yawancin tsare-tsare sukan koma ga harshen asali shiru idan sun rasa fassara, kuma harsuna irin Hausa, waɗanda akan ƙara daga baya, su ne ke shan wannan wahala.

Tarihi

Tushen aikin ya girmi shafukan zamani. Tsarin gettext, na fassara saƙonnin manhaja, ya samo asali a kamfanin Sun Microsystems wajen farkon shekarun 1990, sannan GNU, shirin samar da manhajoji masu 'yanci, ta fitar da nata a 1995. Da shi aka samu xgettext mai tsamo saƙonni daga rubutun manhaja, da msgmerge mai gwama sabon jeri da tsohuwar fassara, ya yi wa wadda yake shakka a kanta alamar fuzzy, wato a sake dubawa, da msgfmt mai ƙirga waɗanda ba a fassara ba. Django, tsarin gina shafuka da ya fito a 2005, a kan wannan tsari ya dogara har yau.

Java, harshen rubuta manhaja, ta bi wata hanya a 1997 da ResourceBundle, tsarinta na ɗauko saƙonni daga fayil: idan an rasa mabuɗi, sai ta jefo kuskuren MissingResourceException. A shafukan intanet na Java, wato JSP, masu amfani da kayan aikin JSTL kuwa, mabuɗin ne ke fitowa tsakanin alamomin tambaya uku-uku, abin da ido ba ya tsallakewa. Akwai wani abu da ya shafi Hausa kai tsaye: kafin Java 9 ta 2017, ana karanta fayilolin fassara na ResourceBundle da tsarin haruffa na ISO 8859-1, wanda ba shi da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ. Dole mai fassara ya rubuta \u0199 a madadin ƙ, in ba haka ba kalmar ta fito a dagule.

Ruby on Rails, wani tsarin gina shafuka, ta shigo da nata tsarin fassara a 2008.

Kayan yau

Ga Rails akwai i18n-tasks, mai lissafa mabuɗan da suka ɓata da waɗanda aka daina amfani da su. Kayan fassara na i18next yana da saveMissing, mai kai rahoton duk mabuɗin da aka nema aka rasa yayin da shafi ke aiki. Angular, wani tsarin gina shafuka, kan bari a mayar da rashin fassara kuskuren da zai hana kammala gini. Akwai kuma dabarar fassarar bogi, inda ake sauya fasalin haruffa da gangan, duk kalmar da ta fito lafiya lau an san ba ta bi ta fayil ba.

Iyaka da saɓani

Kayan da ke karanta rubutun manhaja ba sa ganin mabuɗin da ake harhaɗawa lokacin aiki. Ba sa kuma bambance fassara mai kyau da Turancin da aka kwafa aka liƙa a gurbin Hausa don cike giɓi. Ana saɓani kan ko mabuɗi ya zama cikakkiyar jimla, kamar a gettext, ko gajeren laƙabi.