Yaro ya tashi da ƙafarsa, amma ƙwaƙwalwa ba ta gama warkewa ba

Da zarar yaron da ya yi fama da kumburin ƙwaƙwalwa ya daina jijjiga, ya miƙe da ƙafarsa, bakinsa ya buɗe, sai a ce an rabu da ciwo. An daɗe a kan wannan fahimta.

Ana maganar kumburin da garkuwar jiki ke haddasawa idan ta juya ta far wa ƙwaƙwalwar mai ita. Wanda aka fi sani shi ne na NMDA (sunan wasu masu karɓar saƙo ne a ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, waɗanda garkuwar ke far wa), da Dakta Josep Dalmau da abokan aikinsa suka bayyana a Amurka a 2007. Binciken 2013 a kan marasa lafiya 577 ya nuna kusan kashi 81 cikin ɗari na waɗanda aka bibiya har shekara 2 sun samu sauƙi sosai. To amma ma'aunin samun sauƙi da aka yi aiki da shi a binciken, tun asali na masu shanyewar ɓarin jiki ne: yana duba tafiya da iya kula da kai. Ba ruwansa da riƙe karatu.

Nan gizo ke saƙar. Malam ya ba yaro aiki mai mataki uku, ya yi na farko ya manta sauran. Haddar da yake kwashewa a dare ɗaya yanzu sai mako. Ga saurin gajiya, ga fushi. Sai a ce lalaci ne, har a sa bulala, wanda a ganina zalunci ne.

Murmurewar kan ɗauki shekaru. Gwajin tunani da mai da hankali wajen ƙwararre, kafin komawa aji da kuma bayan 'yan watanni, shi ke nuna inda yaron ke buƙatar tallafi.