Barin mota a giyar taya huɗu kullum: gaskiyar lamarin

An daɗe ana cewa mota mai jan taya huɗu ta fi riƙe hanya in an bar ta a 4H, wato giyar taya huɗu, kullum, ko a kan kwalta. Wanda ya ga yadda take fita daga taɓo ba zai yi mamakin wannan zance ba.

Sai dai motocin iri biyu ne. A irin su Hilux, da ka sa 4H, tayoyin gaba da na baya sun ɗaure, dole su juya tare. In ana shan kwana kuwa tayoyin gaba sun fi cin tafiya, sai matsi ya taru. Cikin yashi ko laka taya kan ɗan zame, matsin ya saki. A busasshiyar kwalta babu inda zai je: sitiyari ya yi nauyi, taya ta riƙa kuka tana ɗan tsalle, giya ta sha wuya. Irin su Prado suna da na'urar tsakiya mai barin kowane ɓangare ya juya daidai tafiyarsa, shi ya sa kwalta ba ta damun su.

Duba giyarka. In akwai 2H, wato giyar taya biyu, galibi ita ce ta kwalta, 4H ta yashi da laka, 4L kuma, giyar taya huɗu mai ƙarfi da tafiya a hankali, in mota ta kafe. Littafin motar ya fayyace irin taka.

Don Allah a tura wa 'yan uwa direbobi.