Ciwon Mara Daga Wata Huɗu Zuwa Shida: Wanne Ake Haƙuri Da Shi, Wanne Ake Nufar Asibiti?

Da zarar laulayi ya lafa, ciki ya fara turo zani, sai wani sabon ƙorafi ya taso. A ranar awo a ƙauyukan Taura, Miga ko Jahun da ke Jihar Jigawa, da wuya a tashi ba a ji wata ta ce mararta na ciwo ba. Ga tambayoyin da aka fi yi.

Malama, cikina wata biyar. In na yunƙura daga tabarma ko na yi atishawa, sai wani abu ya soke ni a gefen mara. Lafiya kuwa?

Galibi lafiya ce. Akwai jijiyoyi biyu da ke riƙe da mahaifa hagu da dama, kamar igiyoyin rumfa. Mahaifa na girma, su kuma suna miƙewa, shi ya sa motsin bazata ke jawo sukar, sau da yawa a ɓangaren dama. Alamarsa ita ce ba ya daɗewa: ya soke ki, ki zauna, ya wuce. Ki riƙa tashi a hankali, ki kwanta ta gefe da matashi tsakanin gwiwoyi. Surfe da jan guga a rijiya suna tayar da shi, don haka a bar wa wasu in da hali.

Tun da na fara shan maganin ƙarin jini bayan gida ke yi mini wuya, ciki ya kumbura. In daina?

Kada ki daina. Ƙwayar takan ɗaure ciki, takan kuma mayar da bayan gida baƙi, wannan ba cuta ba ce. Ki yawaita ruwa, zogale, gwanda da lemo. In ya ƙi, ki faɗa ranar awo.

Cikin yakan ɗaure ya yi tauri, sannan ya saki. Naƙuda ce?

Mahaifa takan yi gwaji tun kafin lokaci. Wannan ɗaurewar ba ta da tsari, ba ta ƙaruwa, kuma in kin sha ruwa kin kwanta takan lafa. Amma in tana zuwa tana komowa a jere, kamar sau 4 ko fiye cikin awa guda, ga ciwon baya, ga nauyi a ƙasa kamar abu zai faɗo, to ɓari ko naƙudar da ba lokacinta ba na iya kasancewa a hanya. A tafi asibiti a ranar, ko da dare ne.

To wane ciwo ne ba a kwana da shi a gida?

Ciwon da ya zo da ɗan rakiya. Jini, ko ɗigo ne. Ruwa na zuba ta gaba. Zazzaɓi da rawar sanyi. Amai ba ƙaƙƙautawa, jiri ko suma. Ko kuma ɗan da ya saba motsi ya yi shiru.

Biyu daga ciki sun fi yaudara. Na farko, mabiyiya, wadda ke ciyar da ɗan tayi, ta ɓalle daga jikin mahaifa: ciwo mai tsanani da ba ya sassautawa, ciki ya ƙame kamar katako. Wani lokaci jinin a ciki yake taruwa, ba a ganin komai a zani, sai 'yan gida su ce ai ba jini, a bari gari ya waye. Kuskure ne babba, musamman in ta faɗi ko wani abu ya buge cikin.

Na biyu, ciwo a ƙahon zuciya ko ƙarƙashin haƙarƙarin dama bayan mako 20. Mace sai ta ɗauka olsa ce, ta aika a sayo magani. In ya haɗu da ciwon kai mai naci, gani dishi-dishi, ko kumburin fuska da hannuwa, hawan jinin masu ciki ake zargi, wanda ke kai wa ga jijjiga. Awon jini da ya kai 140 bisa 90 ya isa a tsaya a bincika fitsari. Jijjigar nan da ake jingina wa iska tana da allura a asibiti, kuma an fi son a yi ta kafin mace ta faɗi.

Fitsari na yi mini zafi, mara na ciwo. Ba sanyi ba ne kawai?

Mu mata komai sai mu ce sanyi, mu yi shiru. Ƙwayar cuta a mafitsara, in aka ƙyale ta ga mai ciki, takan hau ƙoda, ta kawo zazzaɓi da ciwon kwiɓi, har ta tayar da naƙuda. Gwajin fitsari ne da magani na 'yan kwanaki. Haka zazzaɓin cizon sauro, wanda ke tsananta da damina: a gwada jini, a kwana cikin gidan sauro, a karɓi ƙwayoyin rigakafin nan uku da ake bayarwa wata-wata a wurin awo tun daga mako 13.

'Yar nan, mu da jiƙo da rubutu muka haifi namu. Me ya canza?

Iya, Allah ya ƙara girma, ba a hana addu'a ba, a yi ta a kan hanyar asibiti. Damuwar jiƙo ita ce ba a san ƙarfinsa ba, wani ma yana sa mahaifa ta matsa. Haka maganin kemis: Paracetamol ba laifi bisa ƙa'ida, amma Ibuprofen da Diclofenac da ake sha don ciwon jiki ba na mai ciki ba ne, suna iya taɓa ƙodar ɗan tayi su rage ruwan da yake ciki. Sannan ki lura da mai cikin fari. Kunya ba za ta bari ta ce miki mararta na ciwo ba. In kin ga ta dafa bango tana cije leɓe, ke za ki tambaya.

Ni maigida ne, kullum ina hanya, ranar Alhamis ma kasuwar Maigatari nake wuni. Me ya rage a kaina?

Malam, ka ba da izinin fita tun yau, a gaban mahaifiyarka, cewa in an ga ɗaya daga cikin alamun nan a tafi ba sai an same ka a waya ba. Ka ware kuɗin mota da ba a taɓawa. Ka ajiye lambar direba guda a gari wanda zai tashi ko da tsakar dare, ka kuma san 'yan'uwa biyu da za su iya ba da jini. In jini ne ke zuba ko jijjiga ce, a nufi babban asibiti da ke da ɗakin tiyata da ƙarin jini, kamar na Jahun, Ringim, Gumel ko Haɗeja, a kwantar da ita ta gefen hagu a mota. Katin awo kuma ya zauna inda kowa a gidan ya sani, don shi ma'aikata za su fara tambaya.