Waiwaye: Sunderland, jirgin saman da teku ce filin saukarsa

A shekarun 1930 filayen jirgin sama masu kwalta ba su da yawa a duniya, amma teku da tabkuna ko'ina akwai su. Wannan ne ya sa Birtaniya, mai mulkin ƙasashe daga Legas har Singafo, ta dogara da jiragen sama masu sauka a kan ruwa. Kamfanin Short Brothers da ke Rochester ya ƙera Sunderland, ya fara tashi ranar 16 ga Oktoba 1937, rundunar sojan sama ta karɓe shi a 1938. Injinansa huɗu ne, a ciki kuma akwai gadaje da wurin girki, domin sintiri ɗaya kan wuce awa goma.

Aikinsa a Yaƙin Duniya na Biyu shi ne raka ayarin jiragen ruwa masu ɗauke da abinci da man fetur, da farautar jiragen Jamus na ƙarƙashin teku. Tun a Satumba 1939 ya nuna amfaninsa: Sunderland biyu suka sauka tsakiyar teku suka kwashe mutum 34 na jirgin dakon kaya Kensington Court da Jamusawa suka nutsar. Ga shi ƙato, ba shi da gudu, sai dai taɓa shi da wuya. A Yuni 1943 jiragen saman Jamus takwas suka rufar wa wani Sunderland na sojan Ostireliya a tekun Biskay da ke yammacin Faransa. An ruwaito cewa ya kakkaɓo uku daga cikinsu, ya lallaɓa da raunukansa har gaɓar Ingila.

Abin da ba a cika tunawa ba shi ne zamansa a Afirka ta Yamma. Da hanyar Bahar Rum ta zama haɗari, jiragen ruwa suka koma zagayawa ta Afirka ta Kudu, Firiton ta Saliyo ta zama zangonsu, Jamusawa kuma suka biyo su. A 1941 aka girke Sunderland a Firiton da Bathurst, wato Banjul ta yau. Runduna ta 270 ta sojan saman Birtaniya ta koma Apapa a Legas a 1943, kuma daga baya ita ma aka ba ta Sunderland.

An ƙera 749 kafin a daina a 1946. A 1948, da Tarayyar Sobiyet ta datse hanyoyin Barlin, shi aka ɗora wa dakon gishiri yana sauka a kogin Havel da ke birnin, saboda an gina jikinsa ya jure gishirin teku, abin da zai cinye sauran jirage. Ƙanƙarar Disamba ce ta tsayar da wannan jigila.

A ganina, yaƙin da ya ɗaukaka shi ne ya kashe kasuwarsa, domin yaƙin ya bar dogayen filayen sauka a kowace nahiya. Birtaniya ta yi masa ritaya a 1959, Niyuzilan ta ci gaba da amfani da nata har 1967.