Kartahena ta Kolombiya a Farkon Mulkin Sifaniyawa

Kartahena, wadda Sifaniyawa ke kira Cartagena de Indias, birni ne a gaɓar Tekun Karebiyan a arewacin Kolombiya. An kafa shi a 1533, aka raɗa masa sunan Kartahenar da ke Sifaniya. Kafin ya cika shekara ɗari ya zama ɗaya daga cikin manyan tashoshin jiragen ruwan daular Sifaniya, kuma babbar ƙofar shigar da bayin Afirka Kudancin Amurka.

Kafin kafuwar birnin

A wurin da birnin yake akwai ƙauyen 'yan asalin ƙasar mai suna Calamarí. Rodrigo de Bastidas, ɗan Sifaniya mai yawon binciken ƙasashe, ya ratsa gaɓar wajen 1501. Ayarin Alonso de Ojeda da ya sauka wajen 1510 bai sha da daɗi ba, domin mutanen ƙauyen Turbaco da ke kusa sun tarbe su da kibau masu dafi, suka kashe da dama, ciki har da Juan de la Cosa, shahararren mai zana taswira. Sai da aka yi fiye da shekara ashirin kafin Sifaniyawa su samu gindin zama a nan.

Pedro de Heredia da zinariyar kaburbura

Pedro de Heredia, haifaffen Madrid, wanda ya kafa birnin kuma gwamnansa na farko, ya iso a watan Janairun 1533. Ranar 1 ga Yuni ake ɗauka a hukumance a matsayin ranar kafuwa, ko da yake wasu masana sun fi karkata ga Janairu. Tafintar Heredia wata 'yar ƙasar ce, Catalina, wadda aka sace tun tana yarinya aka kai ta Santo Domingo, inda ta koyi Sifaniyanci. Wasu na ganin ta a matsayin mai sasanci, wasu kuma a matsayin wadda aka yi amfani da ita wajen murƙushe danginta.

Wurin ba shi da kogi, ruwan sha ma sai an tara na sama. Abin da ya riƙe baƙin shi ne faffaɗan mashigin teku mai kariya, da kuma zinariya. Al'ummar Zenú na kwarin kogin Sinú suna binne manyansu da kayan zinariya ƙarƙashin tuddan ƙasa. Heredia da ɗan'uwansa Alonso suka dinga tone waɗannan kaburbura, kuma da dukiyar matattun nan garin ya fara tsayawa da ƙafarsa. Ƙorafi kan azabtar da 'yan ƙasa da ɓoye kason sarkin Sifaniya na zinariyar ya sa aka turo alƙali Juan de Vadillo ya tsare Heredia. Ya kuɓuta daga tuhumar ya dawo kan kujerarsa, daga baya aka sake tuhumarsa. Ya rasu a 1554 sa'ad da jirginsa ya nitse kusa da gaɓar Sifaniya.

An kafa kujerar bishop a 1534. Gidajen farko na itace ne da jinka, har gobarar 1552 ta cinye yawancinsu, aka koma gini da dutse. Sarki Felipe na Biyu ya ba garin matsayin birni a 1574.

Hare-hare da ganuwa

Ayarin jiragen da ke kwasar azurfar Peru daga gaɓar Panama yakan yada zango a Kartahena, abin da ya jawo hankalin 'yan fashin teku. Faransawa sun wawashe garin wajen 1544. A 1586 Francis Drake na Ingila ya kama shi, ya ƙona gidaje, ya lalata wani sashe na babbar majami'ar da ake ginawa, kuma bai tashi ba sai da aka biya shi fansar dukat (kuɗin wancan zamani) 107,000. Wannan wulaƙanci ya sa sarki ya turo injiniya Bautista Antonelli ya tsara kariyar birnin. Aikin ganuwar dutse ya kankama a farkon ƙarni na 17, ya ɗauki kusan shekara ɗari biyu, kuma bayi ne suka yi yawancin aikin ƙarfinsa.

Cinikin bayi

Wannan ne ɓangaren da ya fi barin tabo. Cututtuka da aikin dole sun rage 'yan asalin ƙasar ƙwarai, sai masu mulki suka juya ga Afirka. Tsakanin 1595 da 1640, lokacin da sarki ɗaya ke mulkin Sifaniya da Fotugal, 'yan kasuwar Fotugal ne ke riƙe da kwangilar kawo bayi, kuma Kartahena da Veracruz ta Meziko su ne manyan tashoshin da aka yarda a sauke su. Yawancinsu daga yankin kogunan Gini da Kwango da Angola aka kwaso su. Bayan an sauke su akan tsare su a ɗakunan ajiya, sannan a sayar da su zuwa ma'adinan zinariya na cikin ƙasa, ko a wuce da su Peru ta Panama.

Limamin ɗariƙar Jesuit ta cocin Katolika, Alonso de Sandoval, ya rubuta bayani mai tsawo kan ƙabilunsu da harsunansu da halin da suke isowa a ciki, aka buga shi a Seville a 1627. Almajirinsa Pedro Claver ya shafe kusan shekara arba'in yana tarbar jiragen da abinci da magani, tare da tafintoci 'yan Afirka, har ya rasu a 1654. Dukansu biyu sun ji tausayin bayin, amma ba su nemi a haramta cinikin ba.

Bayin kansu ba su zauna jiran tausayi ba. Wajen 1600 Benkos Biohó, wanda ake cewa daga yankin Gini Bisau na yanzu ya fito, ya tsere da jama'arsa zuwa fadamun kudancin birnin, suka kafa sansani mai shinge. Da gwamnati ta kasa cin su da yaƙi sai ta yi sulhu da su, daga baya ta ci amana, aka kama shi aka rataye a 1621. Garin San Basilio de Palenque, mai tazarar kusan kilomita 50 daga Kartahena, ya samo asali daga irin waɗannan sansanoni, kuma har yau mutanensa na da harshensu mai cakuɗe da Sifaniyanci da kalmomin Kikongo.

Kotun binciken aƙida

An kafa wannan kotu mai hukunta waɗanda ake zargi da saɓa wa aƙidar Katolika a Kartahena a 1610, ta uku a nahiyar bayan ta Lima da ta Meziko. Ta fi gurfanar da waɗanda ake zargi da tsafi, da 'yan kasuwar Fotugal da ake zargi da bin addinin Yahudu a ɓoye.

Daga baya

An haƙa mashigin ruwa na Dique a 1650 don haɗa birnin da kogin Magdalena. Hukumar UNESCO ta sanya tsohon birnin da ganuwarsa cikin wuraren tarihi na duniya a 1984.