Ma'anar "bubble car", motar da aka yi wa laƙabi da kumfa

A bakin masu sha'awar tsofaffin motoci, "bubble car" suna ne na wasu ƙananan motoci da aka ƙera a Turai, galibi a Jamus, daga shekarun 1950 zuwa farkon na 1960. Ma'anarsa motar kumfa, domin jikinsu a dunƙule yake, kuma gilashi ya kewaye direba har ka ce cikin kumfar sabulu yake zaune. Yawancinsu ƙaramin inji irin na babur ke jan su, kuma ba su wuce ɗaukar manya biyu.

Mai ganin hotonsu a yau yakan ɗauka abin wasan yara ne, alhali kuwa babu ce ta haife su. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, magidancin da ƙarfinsa bai wuce na babur ba yana neman abin da zai kare shi daga ruwan sama da sanyin hunturu, sannan rikicin mashigin Suez na 1956 ya sa fetur ya yi wuya, kasuwarsu ta ƙara buɗewa.

Wadda ta fi shahara ita ce Isetta, wadda kamfanin Iso na Italiya, mai ƙera firiji da babura, ya fitar a 1953, kafin BMW ya sayi izinin ƙera ta daga 1955 zuwa 1962, ya yi sama da 160,000. Ƙofarta ɗaya ce tak, kuma ita ce fuskar motar baki ɗaya. Idan ka ja hannun ƙofar, sai sitiyarin ya biyo ta waje, ka shiga ka juya ka zauna, sannan ka jawo ƙofar ta rufe a gabanka. Ni dai ban taɓa ganin dabarar da ta burge ni kamar wannan ba, domin wurin da ƙofar gefe za ta ci ma an tsimi shi.

Messerschmitt KR200 kuwa kamfanin jiragen sama ne ya yi ta, lokacin da aka hana shi ƙera jirage bayan yaƙin. A cikinta fasinja na zama ne bayan direba kamar a ƙaramin jirgin sama, rufin kuma a gefe yake buɗewa. Ba ta da giyar ribas: sai ka kashe injin, ka sake tayar da shi yana juyawa ta baya.

Masu sha'awarsu sukan yi gardama kan iyakar sunan, wasu har Fiat 500 suke sakawa ciki don ƙanƙantarta. A ganina wannan kuskure ne, domin ƙanƙanta kaɗai ba ta isa ba sai da siffar kumfar, kuma Fiat 500 cikakkiyar mota ce mai ƙofofi a gefe. Irinta ma, da Mini ta Ingila wadda ta fito a 1959 tana ɗaukar mutum huɗu, su ne suka janye masu saye har aka daina ƙera motocin kumfa.